Yadda Aka Koya wa Motar Baba Ɗaukar Fura

Ni ce mafi gajarta a gidanmu, kuma abin da ya ja mini ke nan.

Baba ɗan kasuwar wake ne da rake. A wata tafiya da ya yi Kwatano ya dawo mana da motar tsere ruwan ɗorawa, an ɗoro ta a bayan babbar mota kamar marar lafiya. Ranar da aka sauke ta, rabin Matameye ya taru a ƙofar gidanmu, sauran rabin kuma yana bisa katanga. Motar ba ta wuce ƙuguna ba, ni da ake yi wa dariyar gajarta. Kujera biyu gare ta. Injinta a baya yake, daidai ƙeyar mutum, wurin sa kaya kuma a gaba, wani ɗan rami mai zafi da ko kaza aka sa sai ta fito a gashe. Samarin fadar unguwarmu, masu zaman shayi a bakin titi, suka sa mata suna Kwaɗo.

Mama ta zagaya ta sau ɗaya ta ce ita ba za ta shiga abin da sai ta kwanta a ciki ba, tun da sauran ranta. Yayyena maza sun so shiga, amma dogaye ne, in sun zauna gwiwa na gaisawa da haɓa.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana can ƙarshen gari, bayan kasuwa, wajen fita Damagaram. Haƙoranta sun daɗe da yi mata sallama, don haka fura ce abincinta na rana. Mama ke dama mata kullum da nonon da wata Bafulatana ke kawowa daga wajen Yauri. Kaka ba ta shan fura a kula ko a roba, wai warin takalmi take ji. Sai a ƙwaryarta, wata tsohuwa baƙa ƙirin da ta taho da ita daga Dawce tun kafin a haifi Baba, a rufe da faifai. A da ƙanena ke kai mata a ka. Da Kwaɗo ta zo, Baba ya ce uwarsa ta gama shan furar da ta sha rana a hanya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya sauko ƙasa, ya tsaya a kaina. Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata.

"Uwata, kujerar nan da ke aka auna ta," in ji shi.

Daga ranar, in an tashi daga lakwal, wato makaranta, da rana, sai in shiga Kwaɗo, Mama ta ɗora mini ƙwarya a cinya, Baba ya tayar.

Motar nan ba ta san tafiya ba, gudu kaɗai aka koya mata. Baba ya ɗan taɓa totur da yatsan ƙafa, sai ta zabura kamar an soka mata tsinke. Ya ɗaga ƙafa, ta turje kamar ta hango rijiya. Ita ke sauya wa kanta bitesi, wato giyar mota, kuma duk sauyawa sai ta harbe mu a baya kamar jakin da aka taɓa wa wutsiya. Ga shi hanyarmu ta tsakiyar kasuwa ce, tsakanin amalanke da awaki da 'yan kabu-kabu, inda ba a rabuwa da tashi da tsayawa. Esansin kwalba, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, shi ma bai karɓe ta ba, in ta sha sai ta riƙa ƙwas-ƙwas a ƙeyata kamar tsoho mai tarin taba.

Faifai kuwa ba murfi ba ne, ladabi ne kawai. Fura ta hau mini ƙirji, ta shiga hannun riga, ta gangara cikin takalmi. Akwai ranar da na ciro gudajin gero daga kunnena ana tsakiyar darasin lissafi. Abin da ke isa wurin Kaka bai cika wuce rabin ƙwarya ba. Sauran yana jikina, ko ya bi ɗinkin kujerar fata ya sauka inda hannu ba ya kaiwa.

Wanda bai taɓa buɗe ƙofar motar da nono ya kwana a cikinta, rana kuma ta dafa shi ba, bai san wari ba. Warin nan yana da nauyi, sai ka ture shi kafin ka samu wurin zama. Ƙudaje suka ƙaura daga mahauta suka dawo gidanmu da iyalansu. Magen maƙwabta ta tare a kan rufin motar. A ƙarƙashin kujerata wani abu kore mai gashi ya tsiro, yana ƙara girma, har na fara tunanin ko ya kamata in riƙa gaishe shi da safe. Baba ya sa aka turara motar da turaren wuta, sai warin ya koma na nonon da ya ruɓe a gidan biki. A lakwal, ko na yi wanka na sake kaya, ƙawata da muke benci ɗaya sai ta matsa can gefe, tana rantsuwa wai iska take nema. 'Yan ajinmu suka koma kirana Kindirmo. Mushen lissafi, malaminmu, shi ma ya taɓa tsayar da darasi yana tambayar wa ya shigo da abinci.

Makanisen garinmu, mai gyaran mota, ya leƙa injin, ya juya sifana a hannu, ya rasa inda zai ɗora ta. Ya ce lafiyarta lau, ciwon a ka yake. Wani abokin Baba ya ba shi labarin wani saurayi a Kano da ke sake wa irin waɗannan motoci tunani. Baba ya aika a kira shi, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa in shi ma ya kasa, zai sallama motar ga wani Alhaji na Damagaram da ya daɗe yana roƙonta, fura ta koma kan ƙanena. Ban taɓa yi wa baƙo addu'ar faɗuwa da zuciya ɗaya irin ta wannan karo ba.

Ya iso ranar Asabar da hantsi, cikin farar shadda mai ƙara, turarensa ya riga shi shigowa zaure. Ba shi da akwatin ƙarafa, sai odinater, wato kwamfutar hannu, da wata igiyar waya. Ya durƙusa ya cusa igiyar a ƙarƙashin sitiyari, yana riƙe da numfashi. Ya yi wa Baba bayani cewa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a motar, ita ke yanke yawan man da za a ba inji in an taka totur, da lokacin da za a sauya bitesi. Waɗanda suka ƙera ta sun yi mata karatun filin tsere ne da mai mai kyau. Shi zai kwafe tsohon karatun ya ajiye, ya rubuta mata sabo, wanda ya san kasuwa da esansin kwalba. Sai dai ya ce dole a riƙa gwadawa ana gyarawa.

Baba ya ce ai akwai alƙali. Ya nuna ƙwarya, ya nuna ni.

Mutumin ya ba da shawara a zuba ruwa a ƙwaryar, tunda gwaji ne. Na ji ya fara burge ni.

"Ruwa nake kai wa uwata?" in ji Baba. Magana ta ƙare.

Mama ta wuni tana dama fura tana mita, ta ce nonon mako guda za a shayar da kujera. A gwajin farko, Baba na tuƙi, odinater na naɗe a leda a bayan ƙafata, motar ta fi da hauka. Kafin mu kai kwanar masallaci fura ta kai gilashi. Muka dawo ina ɗiga, ina murna a ciki. Mutumin ya danne-danne, muka sake fita. Wannan karon Kwaɗo ta koma kunkuru. Baba na takawa, ita tana shawara. Wani tsoho ya wuce mu a amalanken jaki, ya yi mana sannu, ya tambaya ko a ɗaura mana igiya. Fura ba ta zube ba, amma da wannan tafiyar Kaka sai ta yi buɗa-baki da ita. Baba ya dawo fuska a murtuke. Na fara lissafin yadda zan yi bikin rabuwa da abin nan kore.

Daga nan mutumin ya ce sai ya tuƙa da kansa ya ji da ƙafarsa. Ya shiga, ya ja ƙofa, na ga warin ya yi masa maraba. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya sauke gilashi, ƙudaje suka shigo suka same mu. Ya daure har tudun nan da aka yi a kwalta gaban kasuwa don rage gudu. Ya rage, ya haye, ya taka. Motar ta tsaya tunani, sannan ta tuna asalinta gaba ɗaya. Faifai ya tashi, fura ta bi bayansa, ta sauka a kan farar shadda tun daga wuya har cinya, wani gudaji ya maƙale masa a gemu. Ya tsaya a gaban mai sayar da rake, ya fito da rarrafe, ya amayar da shayi da ƙwan da ya ci a hanya. Mai rake ya janye kayansa yana salati.

Na miƙa masa gefen mayafina mai ɗan sauran bushewa. "Yaya, ka koma gida kawai," na ce. "Ba abin kunya ba ne, ta fi ƙarfin kowa."

Ashe da na yi shiru. Ya dube ni, ya dubi motar, ya goge gemu. Da muka koma gida ya tuɓe riga ya ba da a wanke, ya zauna a gindin dalbejiya da singileti, odinater a cinya. Abinci ma ya ƙi, ban kuwa ga laifinsa ba. Yana danne-danne, yana sa Baba ya taka totur motar na tsaye, yana kasa kunne. Bayan la'asar ya ce a kawo ƙwarya.

Baba ya taɓa totur. Motar ta tashi a hankali kamar surukar da ta shigo gaisuwa. Ta bi bayan amalanke ba gardama. Ta sauya bitesi ban ji ba, tarin ma ya tafi. Muka haye tudun kasuwa, na zuba wa fura ido ta gefen faifai ina roƙonta a zuci, ita kuwa tana kwance lum kamar jaririn da ya ƙoshi. Ko ɗigo. Baba yana dariya yana dukan sitiyari, ni kuma ban taɓa jin haushin abinci kamar na ranar ba.

Kafin ya tafi, mutumin ya nuna wa Baba wani jan maɓalli kusa da bitesi. Ya ce bai kashe tsohon halin ba, nan ya ɗaure shi, in an hau hanyar Damagaram ana son gudu sai a danna. Wari kuwa, ya ce, ba a odinater yake ba, Allah ya kawo sauƙi.

Washegari na miƙa wa Kaka ƙwarya cike fal, karo na farko. Ta ɗaga faifai, ta sa ludayi, ta kurɓa, ta juya baki, ta tofar a gefen tabarma. Ta ce wannan fura ta kwanta, ruwa a sama, gari a ƙasa, ga gudaji kamar tsakuwa, damun matar ɗanta ke nan da ta sani tun da. Ta ce tun da aka fara kawo mata a mota take shan furar da rabonta da irinta tun tana budurwa a Dawce, lukwi, ba gudaji ko ɗaya. Rabin nan da ke isowa ya fi mata wannan cikakkiyar.

Na yi maza na ce zan riƙa dama mata da ludayi in mun iso.

"Da wannan hannun naki kamar ƙafar kaza, takwara?" Ta juya ga Baba. "Kai, me ka yi wa motar?"

Baba ya sosa ƙeya. Ya fara bayanin ƙwaƙwalwa da karatu, ta ce ita ba karatu ta tambaye shi ba, fura take so. Na ga idonsa ya tafi waje, inda Kwaɗo ke tsaye da ƙudajenta.

Yanzu muna ratsa kasuwa lafiya lau, mutane har yabon hankalin motar suke yi. In mun wuce gidan mai na ƙarshe, inda hanya ta miƙe zuwa gidan Kaka, sai Baba ya ce, "Uwata, riƙe da kyau," ya danna jan maɓallin. Ƙwarya na isa da rabin fura, Kaka na sa albarka, ni ina tsiyaya a ƙofar ɗakinta.

Kullum da safe ina tsayawa jikin bangon ɗakinmu in ja layi da gawayi a saman kaina. Ina cin wake, ina rataya a reshen dalbejiya, ina jiran ranar da kaina zai bugi rufin motar nan. Da na gaya wa Kaka, ta yi dariya har ta kusa shaƙewa da fura. Ta miƙe tsaye ta jera kafaɗarta da tawa, muka zo daidai, ta ce ita ma tun tana kamar ni take jira.