Yadda Malama Kachollom Ta Koya wa Yaran Agege Shiru

Wandon da na sa ran nan tun na aurena ne, tumbi kuwa ya daɗe da yin gaba ya bar shi. An kawo 'yan firamaren cocinmu na Katolika zaman sujada na farko, mu iyaye muna baya. Fada ya ɗora Sakramenti Mai Albarka a kan bagadi, wato gurasar da muka gaskata jikin Almasihu ce, aka ce kowa ya durƙusa ya yi tsit. Ina kai gwiwa ƙasa wando ya ce ɓarrr! Yara suka kece da dariya, 'yata Praise ce ma ta ja gaba.

Da aka tashi, Fada ya kira malamarsu. "Malama Kachollom, sau ɗaya zan ƙara gwadawa. In suka sake mayar mini da coci tashar motocin danfo, sai su jira su girma."

Kachollom 'yar Filato ce. Mijinta, direban tirela, ya kawo ta Legas, ya rasu ya bar ta da keken ɗinki. Ita ke ɗinka wa 'yan makarantar kaya, ita ce kuma ta yi ta naci har Fada ya yarda a kawo yara gaban Sakramenti. Addu'o'i kam sun iya, da Hausa da Turanci, wasu har da Yarbanci. Shirun ne ya gagara. Yaron da aka haifa tsakanin janareta da layin dogo, ina ya taɓa jin shiru? Ta gwada alewa, ta gwada harara, duk a banza.

Tana taka keke wata rana sai ta tuna ƙauyensu. Can in ka je gaida tsoho, ba surutu ke kai ka ba. Ka gaishe shi, ka nemi wuri ka zauna, zaman shi ne gaisuwar. Ga shi kuwa mai gidan da take haya, Alhaji Sabi'u, tsohon dillalin shanu a abbatuwa, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, kullum yana zaure shi kaɗai. Ta sami matarsa.

"Hajiya Sa'adiyya, aron Baba nake so."

"Aron Baba kuma? Turmi ne shi?"

Da ta ji bayani, Hajiya ta ce, "Kawo su, 'yar nan. Tun da bakin ya tafi, abokan kasuwa suka ɗauke ƙafa."

Da yardar iyaye ta riƙa kai su kaɗan-kaɗan bayan an tashi makaranta. Ranar farko Wilson, sarkin surutun ajin, ya ja mata zane.

"Malama, me za mu ce masa?"

"Kun gaishe shi?"

"E."

"To ku zauna. Yana ganinku, kuna ganinsa."

Suka yi ta mutsu-mutsu. Tsoho yana jan carbi da hannunsa mai lafiya, yana binsu da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ya ajiye carbin ya kama hannun Wilson ya riƙe. Bakin yaro ya mutu. Kafin wata ya ƙare, yaran da kansu ke tambayar ranar zuwa wurin Baba. A hanyar komawa takan ce musu, "Haka za ku zauna da Yesu. Shi yana magana, amma ƙasa-ƙasa, a zuci. Mai hayaniya ba ya ji."

Ranar gwaji ta zo. An durƙusa ke nan, coci ya yi tsit, sai ihu ya ɓarke a waje. Wani bijimi ne ya tsinke igiya a hanyar abbatuwa, ya faɗo harabar coci, mahauta na biye suna "A tare! A tare!" Katikis, mataimakin Fada, ya yi wuf ya rufe babbar ƙofa, amma mu iyaye tuni mun fice ta ƙaramar, wai za mu taimaka. Kachollom ta runtse ido, tana jiran ƙarar ƙananan takalma. Ba ta ji ba. Ta buɗe ido ɗaya. Suna nan a durƙushe, idonsu a kan bagadi. Wilson ya ɗan karkata wuya, ya mayar da kansa. Har aka ɗaure bijimi, har Fada ya sa albarka, ko tari babu.

A bakin ƙofa Fada ya ce, "Malama, kowace Alhamis daga yau." Matan zumuntar coci suka rangaɗa guɗa, suka kewaye ta da rawa, ita kuwa tana share ido da bakin ɗankwali.

Na matso ina kaɗe ƙurar gudun bijimi daga riga. "Malama, kin ga natsuwar Praise? Gado ne, jinina ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Baban Praise, in da gado ne, ai da tare za a sauko da ku daga kan motar Fada."