Takalman Jamil a Bakin Ƙofar Liyon

Munzali Tanko Shehu, an haife shi a Minna ranar 9 ga Afrilu, 1953. Kakansa aikin shimfiɗa layin dogo ne ya kawo shi garin. Shi kuwa Malam Munzali baduku ne, kuma shekara arba'in ya yi a wata rumfa a unguwar Kpakungu yana gyaran takalma da akwatunan matafiya. Bai taɓa wuce Kaduna ba, amma ban san wanda ya fi shi sanin birnin Liyon na ƙasar Faransa ba.

Na san shi ne saboda wani littafin rubutu mai jan bango. Bayan na ajiye aikin koyarwa ya kawo mini shi, ya ce, "Malama, ki gyara mini wannan, kada masu ilimi su yi mini dariya." Shawarwari ne ga wanda zai je Liyon karon farko, waɗanda ya tattara daga bakin malaman jami'ar da ke Gidan Kwano da sauran masu kawo masa gyaran zif bayan sun dawo. Ga kaɗan daga ciki, kamar yadda na daidaita su. Idan ka shiga kanti, ka fara gaida mai shi kafin ka tambayi kaya, domin su ma suna jin haushin wanda ya faɗo musu babu gaisuwa. Ka nuna wa na'ura tikitinka duk lokacin da za ka hau jirgin cikin gari, ko da babu mai kallonka. Ka ci abincin rana kafin ƙarfe biyu, don bayan nan gidajen abinci da yawa sai dare. Ka tambayi abin da ke cikin miya, saboda mutanen garin suna son naman alade. Ranar Lahadi kantuna da dama a rufe suke. Jakarka ta kasance a gabanka cikin cunkoso.

Shawara ta ƙarshe ce ta tsayar da ni. An rubuta: “A tsohon gari akwai lungunan da suka ratsa cikin gidajen mutane, ka shiga ta wannan titi ka fita ta wancan. Kada ka yi sallama a bakinsu. In ka yi aka amsa, kada ka tuɓe takalminka.”

Na tambaye shi dalili. Ya sa aka kira mini Meshach, abokin aikin ɗansa Jamil, wanda suka tafi Liyon tare a 2014 don hutun kwana goma. Meshach ya ce da tsakar rana ne, a kwana na uku, suka tsaya a wata ƙofar katako da aka ce baƙi na iya ratsawa. Jamil ya leƙa ya ga dogon soro mai duhu, ya ce ai wannan gidan mutane ne, ba ya shiga haka kawai. Sai ya yi sallama.

“Wallahi, Mama, an amsa,” in ji Meshach. “Da Hausa. Muryar tsohuwa ce, ta ce, ‘Shigo mana, ɗana.’ Ni dariya ma na yi, na ce Jamil, har nan kana da dangi?”

Jamil ya tuɓe takalmansa, ya jera su a bakin ƙofa, ya shiga. Meshach ya zagaya ta titi don ya tare shi a ɗaya bakin. Tafiyar lungun ba ta kai minti biyu ba. Ya jira sa'a guda. 'Yan sandan can sun bincika gida gida, ba su sami kowa mai jin Hausa ba, ba su kuma sami Jamil ba. Ranar komawa Meshach ya sa takalman a akwatinsa, ya kawo wa uban.

“Nan ka yi kuskure, ɗana,” in ji Malam Munzali, ba tare da faɗa ba. “Baƙo yana fitowa ne ya nemi takalminsa. In bai gani ba, sai ya zaci ba ƙofar ba ce, ya koma ciki.”

Meshach ya sunkuyar da kai. “Baba, na zaci alheri na yi.”

Ni ba mai saurin yarda da irin wannan magana ba ce, kuma na gaya wa Malam Munzali haka. Bai yi gardama ba. Ya sauko da takalman daga saman kanta, ya juya mini su. Watanni shida kafin wannan rana, a gabana ya sa musu sabon tafi, ban san ko na wane ne ba. Yanzu dunduniyar ta cinye ta gefen waje, kamar ta mai doguwar tafiya, kuma fatar tana da sanyi da danshi, alhali ana tsakiyar zafin Maris.

“Yana nan yana yawo, Malama,” ya ce. “Sau biyu a shekara nake canja musu tafi.”

Burinsa ɗaya ne: a mayar da takalman bakin ƙofar nan, a jera su kamar yadda Jamil ya bar su. Littafin shawarwarin kuwa shi ne abin da yake ba matafiya don su saurare shi. Kowa ya karɓi shawarwarin da godiya, amma da an zo kan takalman sai a ce akwati ya cika. Shekara tara ana haka, har Muniratu, wadda na koyar a aji shida, ta sami gayyatar wani taro a Liyon. Ta ce za ta kai. Ya roƙe ta ta ba shi kwana biyu ya sa sabon tafi, don kada Jamil ya fito ya tarar da su a huje.

Ranar 14 ga Yuni, 2023, bayan sallar azahar, maƙwabcinsa ya same shi a zaune a rumfa, ya jingina da bango, rai ya yi halinsa. Ya gama ɗinkin ƙafar dama ta takalman. Ta hagu tana kan cinyarsa, basilla a soke a rabin ɗinki. Muniratu ta tashi a ranar da aka tsayar mata, ba tare da su ba, domin babu wanda ya yarda ya ƙarasa ɗinkin.

Takalman suna wurina yanzu. Basillar tana inda ya bar ta, ta daman kuwa dunduniyarta ta fara cinyewa.