Neman Jaririn Ummu Warda

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da wata ƙawata 'yar Masar da muke karatun jinya tare a Giza. Wata mata muka je nema, Ummu Warda, wadda ta ɗauke jaririnta daga asibitin da muke koyon aiki ba tare da an sallame ta ba, alhali gudawa ta tsotse ruwan jikinsa. 'Yar ƙabilar Gajar ce, mutanen da kakanninsu suka yi rayuwar yawo gari-gari, har yau kuma ana yi musu kallon bare.

Ƙaramar bas muka shiga, an cusa mu tare da buhunan albasa, direba na ta "yalla, yalla" kamar mu muka tare masa hanya. A tasha muka karya da burodi da dafaffen wake. Daga nan kwalta ta ƙare. Mai tuk-tuk ɗin da muka hau, wato a-daidaita-sahu, ya sauke mu a bakin wata kwata, ya ce shi ba ya shiga unguwar Gajar. Muka ƙarasa da ƙafa, muna wuce gidajen jan bulo marasa shafe da maƙera masu dukan ƙarfe a ƙofar gida.

Da muka sami gidan, Ummu Warda ta gane mu. Ta shimfiɗa mana tabarma. Ƙawata ta fito da magungunan da muka kawo, ta ce, "Ummu Warda, ina yaron?"

"Shekaranjiya muka binne shi."

Muka yi mata gaisuwa. Can ƙawata ta ce, "Me ya sa kika tafi, ana cikin ƙara masa ruwa?"

"Wayar wata ce ta ɓata a ɗakinmu. Duk matan da ke ciki, jakata kaɗai aka zazzage a ƙasa, kowa na kallo. Sai na saɓi ɗana na fita."

Babbar 'yarta, Warda, ta kawo mana shayi. A aji uku ta bar makaranta, domin da ta shigo yara ke rungume jakunkunansu. Amma ba ta yar da littafinta ba. Ta buɗe mini shafin ƙarshe, inda ta rubuta "Yusuf" da fensir. Ba a yi wa yaron takardar haihuwa ba, don haka babu inda sunansa yake a rubuce sai nan.

Da la'asar muka dawo. Abin da ban iya faɗa wa Ummu Warda ba shi ne ina cikin ɗakin ranar. Na ga ana zazzage jakar, na sunkuyar da kai na ci gaba da auna zafin jikin wata yarinya. Ni da na san yadda ake kallon baƙar fata a garin nan, ban ce uffan ba. Tafiyar ta nuna mini cewa magani na nan a asibiti, wulaƙanci ne ya kori Yusuf. Har da shirun da na yi.