Giɓin da ke Cikin Waƙar Haruna

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Haruna makwancinsa. Waƙar da ta sa aka san shi kuwa ta girmi rasuwarsa, domin a shekarar babbar ambaliya aka yi ta, wadda ruwa ya yanke hanyoyi har buhunan hatsi sai a kwalekwale suke shigowa Haɗeja.

Haruna ba mawaƙi ba ne. Injin ban ruwa yake gyarawa a fadama, yana kuma noman shinkafa. Ni na koya masa auna baiti da ajami, da fatan wata rana zai yi begen Manzon Allah. Da ruwa ya fara hawa gonarsa yana tsaye yana kallo, sai baitocin suka zo masa, amma ga matarsa Yagana suka nufa. Tambaya ɗaya yake ta juyawa a cikinsu: in ruwa ya cinye komai, za ki zauna?

Wani mai ɗaukar sauti a bayan kasuwa ya ce irin wannan waƙa sai da muryar mace mai ba da amsa. Yagana ta ce ita da aurenta ba ta shiga sitidiyo. Aka nemo wata daga Kano, ruwa ya hana ta isowa. Sai aka ɗauki muryar Haruna kaɗai, aka bar wurin amsar da kiɗa zalla kafin hanya ta buɗe. Hanya ba ta buɗe ba masu tura waƙa a waya suka samu, ta bazu da giɓinta.

Giɓin nan shi ya ɗaga ta. Saurayi ya kunna a zance, in an zo wurin ya yi shiru, budurwa ta cike da abin da ke ranta. Amare suka mai da shi al'ada ranar kamu. Malama Rahila, maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna, ta ce har a bikin ƙanwarta can gida an cike shi.

A nan nake rikicewa. Duk sanda aka kunna, ban sani ba ko lada ake rubuta wa Haruna ko akasin haka. Na tambayi malamai biyu da nake girmamawa. Ɗaya ya ce kiɗa kiɗa ne, in yawaita nema masa gafara. Ɗayan ya ce mutum ya tambayi halalinsa, ina laifin? Na san gidajen da waƙar ta ƙulla. Na kuma san yarinyar da ta kori yaron kirki a cikin giɓin, a gaban abokansa. Yanzu matasa suna ɗaukar kansu a waya suna cusa shashanci a wurin, wani mai kifi a Malam Madori ma tallar tarwaɗa yake yi a ciki. Da Haruna zai gani, dariya zai yi ko istigfari? Ni da na goya shi, ban sani ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa cikewa ba. Haruna yakan tsokane ta a gabana: "Yagana, duk garin nan an amsa mini, ke kaɗai nake bi bashi."

Ta ce, "Tuwon da kake ci fa, aljanu ke tuƙa maka?"

Har ya kwanta ciwo yana yi mata wannan wasa, ita kuma tana kaucewa. Bayan rasuwarsa, da ta ji an kunna sai ta shige ɗaki.

Watan jiya na je gidan Yagana duba yaran Haruna. Ina zaune a zaure, tana tsakar gida tana shanya shinkafar da ta turara, sai mai adaidaita ya tsaya a ƙofa yana jiran fasinja, waƙar na tashi. Na yunƙura in ce ya rage. Muryar Haruna ta yi tambayarta, kiɗa ya rage shi kaɗai. Ban ji takun shigarta ɗaki ba. Muryarta na ji, a hankali, ba da rerawa ba.

"Na zauna, Baban Ummi. Ruwa ya ci, na zauna. Ka tafi ma, ina nan. Allah Ya yi maka rahama, Ya haskaka kabarinka."

Na ji bakina ya ce amin, a tsakiyar kiɗan da na yi shekaru ina toshe wa kunne.

Har yau ban san ɓangaren da waƙar za ta faɗa a mizaninsa ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani, cikin dubban amsoshin da aka zuba a giɓin nan, ɗaya tak Haruna ya roƙa. Da adaidaitar ta wuce, Yagana ta matso bakin zaure, ta bayan labule.

"Malam, ka ji da kunnenka?"

Na ce na ji.

Ta ce, "To ka zama shaida. Ba ya bina komai."