Filina na Kalgo

Ni ɗan magini ne. Rabin sorayen unguwarmu a Gwandu da ƙafata aka taka ƙasarsu, amma har na kai shekara talatin ba ni da ɗaki ɗaya da zan ce nawa ne. Ni da matata da 'ya'ya uku muna cushe a wani ɗan ɗaki a gidan mahaifina, jikin turken jaki. In na miƙe ƙafa sai na shuri tukunya. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, kawuna da ke zaune a Kalgo ya roƙar mini fili wajen mai gari. Fili mai kyau, ga ƙasar gini kusa, ga mutane suna neman magini ido rufe. Sharaɗi ɗaya ne: in damina uku ta wuce ba a ga katanga tsaye ba, a ba wani.

"Ɗana," in ji kawu, "kada ka ce sai ka gama shiri. Ta da ɗaki ɗaya, ka kawo matarka ta hura wuta, sauran ya biyo baya."

A shekarun nan sabuwar shekarar Musulunci cikin damina take kamawa. Ranar cika-ciki na ci tuwo na yi nak, na daki ƙirji a gaban matata na ce bana sai Kalgo. To, wa ke gini ruwa na zuba? Sai a jira rani. Rani kuwa na mahaifina ne. A gandu muke, aikin da ya karɓo shi ne aikina. Soron wane, rumbun wane, yaɓen masallaci, kafin in ɗaga kai hadari ya haɗo.

Shekara ta zagayo na sake rantsuwa. Matata ko kallona ba ta yi ba. "Allah ya kai mu, maigida," ta ce. "Ɗan matsa in ɗauki tukunyata." Kai! Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A ranin ƙarshe kawu ya aiko cewa wani mahauci ya fara zagaya filin. Na ce to, yau ko ni ko tsohon nan. Da hantsi muna ginin katangar wani malami, mahaifina yana bisa ya hau ta kamar doki, ni ina ƙasa ina jefa masa tubali yana cafewa. Na cije na faɗa masa komai, ina jiran faɗa.

"Tahi," ya ce. "Allah shi yi maka albarka. Ka daɗe da isa."

Shi ke nan fa! Shekara uku ina tsoron maganar da ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Don murna na jefa tubali, ya wuce ta gefen hannunsa ya faɗi. Na sake jefawa, ya lalubi iska.

"Ja da baya ka duba min," ya ce a hankali. "Ta miƙe?"

Na ja da baya. Katanga ta karkace, ko yaro zai gani. Wannan mutumin da yake rushe aikin yini guda saboda karkatar yatsa ɗaya, ashe idonsa ya tafi, bai gaya wa kowa ba.

"Ta miƙe, Baba," na ce. "Sauko ka sha ruwa, bari in ƙarasa."

Da ya tafi salla na rushe jeri uku na sake ɗorawa. Damina ta sauka ina Gwandu, mahauci ya gine filin. Ba wanda ya hana ni tafiya, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don ba ni da wanda zan yi wa fushi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina bin bayan tsohon ina gyarawa a ɓoye, mutanen gari suna ta yabonsa wai hannunsa bai tsufa ba.