Ranar da Na Kai Sammaci Gidan Makoki

Shekarun baya, bayan na kammala diflomar shari'a a makarantar da ke unguwar Kongo, na sami aikin ƙaramin akawu a ofishin wani lauya. Aikin ofishin hawa-hawa ne. Lauya ke magana gaban alƙali, babban akawu ke shigar da ƙara a kotu, sakatariya ke buga takardu. Ni kuwa, da diflomata da gogaggiyar rigata, aikina ɗaukar fayil da nuni. Nuni shi ne ka raka ma'aikacin kotu mai kai sammaci, ka nuna masa wanda ake ƙara, domin a hannunsa ake damƙa takardar. An ɗauke ni ne saboda ni ɗan cikin birni ne, na san lungunan da baƙo zai shiga ya kasa fita.

A daminar wannan shekara aka kawo mana wata tsohuwa daga unguwar Kwarbai. Maƙwabcinta ya ɗaga gininsa, ya juya indararo zuwa bayan ɗakinta. Ɗakin na ƙasa ne, duk ruwan da aka yi sai ya zaftare wani abu daga gindin bangon. Mai unguwa ya yi magana, ba a ji ba. Lauya ya ce lallai sammaci ya isa a wannan rana, in ba haka ba kotu za ta tafi hutu ba a saurari ƙarar ba, bangon kuwa ba zai kai ƙarshen damina ba.

Da na ga sunan maƙwabcin sai na gane shi. Abokin Malam mahaifina ne, zaure ɗaya suka yi karatu. Baba nake ce masa.

Muka tafi da ma'aikacin kotun, wani dattijo mutumin Wusasa, mai ƙarancin magana. Muna karya kwanar lungun muka tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan, takalma jere, mutane zaune. Ƙanen Baba ne ya rasu, an dawo daga maƙabarta ke nan.

Na ce, "Yallaɓai, mu koma. Gidan makoki ne."

Ya dubi sama, inda hadari ya fara haɗuwa, sannan ya dube ni. "Akawu, ni ban san kowa a nan ba. Nawa miƙawa, naka nunawa. In ka ce mu koma, zan rubuta ba a same shi ba. Amma kai za ka gaya wa tsohuwar."

Na dubi masu zaman makokin.

Ya ce, "Ba sai ka ɗaga yatsa ba. Je ka gaishe shi yadda kuka saba. Wanda ka durƙusa wa, shi ne."

Na cire takalmi, na ratsa mutane, na durƙusa gaban Baba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, har ka ji? Allah ya yi maka albarka."

"Ya haƙuri, Baba? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Aka yi salati, aka yi addu'a, na shafa tare da kowa. Har ya sa aka matsa mini wuri kusa da shi.

Ma'aikacin kotun bai kunyata Baba a gaban jama'a ba. Ya jira har aka kira sallar la'asar, Baba ya tashi da butarsa ya zaga gefen zaure, sannan ya same shi a can. Daga inda nake ina hango su. Baba ya ajiye butar, ya karanta takardar a tsanake, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Da ya dawo ya tsaya a kaina.

"Ashe tare kuke," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba. "To, ka gaida Malam."

Kotu ta zauna kafin hutu, ta umarce shi ya juya indararon. Ya juya. Bangon bai faɗi ba, tsohuwar kuma a cikin ɗakin ta ƙare rayuwarta. Baba bai taɓa ƙin amsa gaisuwata ba, amma bai sake ce mini ɗana ba har ya bar duniya.

Yau ni ke raba wa ƙananan akawuna aiki, kuma nakan ce musu babu ƙaramin mataki a harkar shari'a. Ina ganin haka ne. Da za a maimaita, ina jin zan sake zuwa, domin bangon tsohuwa ba ya jiran a tashi makoki. Abin da ban warware ba shi ne tambayar da mahaifina ya yi mini da labarin ya iske shi. Bai yi faɗa ba. Ya bari na gama bayanin doka da hutun kotu, sannan ya ce, "Na ji. Amma ta'aziyyar da ka yi masa, ta Allah ce ko ta ofis?"

Na ce masa duka biyun ne. Ni kaina ban gamsu da amsar ba.