Malam Sa'idu, Wanda Ya Koya Mana Saurare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata ina zaune a ofis a Birnin Kebbi, sai na ɗaga kai na ga Umaru, ƙanin aminina Malam Sa'idu, tsaye a bakin ƙofa. Umaru bai taɓa zuwa daga Argungu bai riƙo mini busasshen kifi ba. Ran nan hannunsa wayam, kuma ya yi sallama ya ƙi shigowa. Ya ce, "Yaya Garba, sai hanƙuri. Yaya Sa'idu ya cika bayan sallar Asuba." Ban san lokacin da na miƙe ba. Muka kama hanyar Argungu, muka sami jana'iza, muka raka shi makwancinsa.

A wurin zaman makoki na ga abin da ban saba gani ba. Mutum zai zo da jajayen idanu, ya yi gaisuwa, ya zauna. Da an ambaci wani hali na mamacin sai ka ga murmushi ya kufce masa, ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da shi, domin mutumin da ake tunawa da shi da murmushi a irin wannan wuri ya bar wa mutane wani abu.

Mun haɗu ne a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, lokacin da aka kwaso mu ma'aikata daga Sakkwato. Ni da shi malaman gona ne. Gidajen haya sun yi wuya a lokacin, sai muka raba ɗaki guda a gidan wani dattijo, Malam Sambo, wanda ke karantar da manyan ɗalibai littattafan fiƙihu a zaurensa. Ni na zo da akwati da katifa. Malam Sa'idu ya zo da 'yar jakar tufafi, da kwalin kaset-kaset, da wata ƙatuwar rikoda mai lasifika biyu wadda ya rungumo kamar jariri. Tun yana yaro Allah ya sanya masa son sauti: molo, garaya, goge, karatun Alƙur'ani na masu zaƙin murya, duk yana da su.

Ba mu daɗe ba Malam Sambo ya kira shi zaure. Bai yi masa faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, wanga akwati naka ya hi ni murya. Ɗalibai sun hwara kaɗa kai ga wurin da ba a kaɗa kai." Malam Sa'idu ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya dawo ɗaki ya lulluɓe rikodar da zane, bai sake kunna ta a gidan ba. Bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na ga yadda ya yi sanyi. Wani lokaci sai in tarar da shi yana jujjuya kaset a hannu yana karanta bayansa.

Ana nan sai wani ɗan'uwansa ɗan kasuwa ya dawo daga aikin hajji, ya kawo masa tsaraba: 'yar ƙaramar rikoda da za ta shiga aljihun riga, da wata siririyar waya mai rassa biyu, kowane reshe da ɗan ƙulli a bakinsa. Wai sunanta iyafis, a kunne ake cusa ta. Malam Sa'idu ya ɗaga ta sama yana dariya, ya ce, "Garba, dubi wanga abu kamar ƙwayar gujiya. Mi za ya hito ciki nai?" Ya sa kaset ɗin wani mai molo da muka sha ji tun a Sakkwato, ya cusa 'yan ƙullayen a kunnuwansa, ya danna. Dariyar ta tsaya. Ya lallaba ya zauna a kan tabarma, bakinsa a ɗan buɗe, bai motsa ba har kaset ya kai ƙarshe. Sannan ya zare, ya goge su da bakin rigarsa, ya miƙo mini. "Kar ka ce komi. Jiya kawai."

Na sa. Waƙar da na ɗauka na haddace, ashe rabinta na sani. Na ji mai molon yana jan numfashi kafin ya ɗauki baiti. Na ji gogar yatsansa a kan tsirkiya. Can a baya sai ga carar zakara, na waiwaya ina neman inda ya shigo mana ɗaki. Malam Sa'idu ya faɗi a kan katifa yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa, "Ni ma na neme shi! Zakaran gidan mai molo ne!" Daga wannan yammacin ni ma na kamu.

Ba mutum ne mai jin daɗi shi kaɗai ba. Kafin wata ya zagayo, bayan La'asar, gindin dogon yaron ƙofar gidan ya zama majalisa. Direban ofishinmu, da wani malamin makaranta, da telan unguwa, kowa na jiran layi ya zo kansa. Malam Sa'idu yana da ƙa'idoji. Sai ya goge iyafis ɗin da auduga kafin ya wuce kunne na gaba. Ba ya yarda a ƙure ƙara, yakan ce, "Kunne amana ne, ba a saida sabo ga kasuwa." Idan wani ya cire da wuri ya ce bai ji wani abin a zo a gani ba, sai ya ce, "Ba ka yi shiru ba ne. Yi shiru tukuna, sannan ka ba ni labari." Sannu a hankali kowa ya yi sautu daga Kano ya sami nasa, aka shiga gardamar wanne ya fi fitar da ganga, wanne ya fi fitar da murya. Shi ne alƙali, kuma hukuncinsa kullum ɗaya ne: wanda ba ya gajiyar da kunne shi ya fi.

Wata rana Malam Sambo ya fito ya same mu zaune shiru, kowa da waya a kunne. Ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Lahiya? Na ga majalisa ba magana." Malam Sa'idu ya tashi da ladabi, ya sa kaset ɗin karatun Alƙur'ani, ya roƙe shi ya gwada. Dattijon ya ɗaga gefen rawaninsa ya karɓa. Muka ga leɓɓansa sun fara bin karatun. Da ya gama sura sai ya tambaya da ƙarfi, kamar yadda mai abu a kunne kan yi, "Wai ni kaɗai nika jin shi?" Muka ce shi kaɗai. Ya ce, "To ku bar mini shi zuwa gobe." Goben nan ba ta zo ba. Malam Sa'idu ya yi sautun wani, yana murna kamar shi aka yi wa kyauta.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne abin da ya yi wa mahaifinsa. Baba Manu masunci ne a Argungu, ya tsufa a ruwa. Ƙafafunsa suka riƙe, jinsa kuma ya yi rauni, sai an ɗaga murya sosai. Tsofaffin abokan sana'arsa sun yi ta zuwa gaishe shi, amma hira da ihu ba ta daɗewa, sai suka rage zuwa. Tsohon ya juya fuska ga bango, ya daina magana, abinci ma sai an yi da gaske. Iyalin gidan suka fara jin tsoro.

Wata Asabar Malam Sa'idu ya ce in raka shi gida. Da muka isa Argungu bai nufi gida ba, bakin gulbi ya nufa, da 'yar rikodarsa mai ɗaukar magana. Ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa, ya riƙe ta kusa da masunta suna iyo a kan gora, suna tura homa, wato ragar da suke kamun kifi da ita. Sannan ya bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya gai da Baba Manu yadda ya saba, ba da ladabin gaida majiyyaci ba. Aka kuwa samu masu baki. Wani tsoho mai suna Ɗan'ige, abokin wasan Baban, ya ce, "Manu, ka kwanta ka bar mana gulbi, kihi sai godiya sukai!"

Da muka shiga ɗaki, Baba Manu ya ga wayar ya ture hannun ɗansa. Ya ce, "Sa'idu, igiya za ka ɗaura mini kamar akuya?" Malam Sa'idu bai yi musu ba. Ya sa ƙulli ɗaya na iyafis ɗin a kunnensa, ya zauna a bakin gadon yana saurare yana dariya shi kaɗai, ya bar ɗayan yana reto a kusa da hannun tsohon. Da dariyar ta ishi Baban, sai ya miƙa hannu ya ɗauka ya kai kunne.

Na ga fuskar mutumin nan ta buɗe. Ya yunƙura ya tashi zaune ba wanda ya taimaka masa. Ya ce, "Ruwa ne. Wanga ruwa ne!" Ya fizge ɗayan daga kunnen ɗansa ya haɗa. Aka fara gaisuwa a kaset, shi kuma yana amsawa da ƙarfi, "Lahiya lau! Lahiya lau, Mamman!" Da aka zo kan Ɗan'ige sai ya buga cinya ya ce, "Maƙaryaci! Shi da kihi ka tserewa tun muna samari!" Matan gida suka taru a bakin ƙofa, wasu na dariya, wasu na share hawaye da gefen mayafi. Baban ya ce lallai a ɗauki amsarsa a kai wa Ɗan'ige yau ɗin nan. Aka ɗauka, muka kai. Kafin Magariba sai ga Ɗan'ige da kansa da sandarsa, wai ya zo ramuwa baki da baki. Ran nan Baba Manu ya cinye tuwon shinkafa da miyar kifi ya nemi ƙari. Bayan haka ya sa aka riƙa ɗaukarsa a amalanke zuwa bakin gulbi, kuma ya ƙara shekaru a duniya cikin mutane.

A hanyarmu ta komowa na yaba masa. Ya ce, "Ni mi na yi? Na dai kai mashi abin da ke nashi."

Haka ya rayu. Idan mun je duba shinkafa a fadamar Zauro ko a Gulma, manomi zai yi ta ba shi labarin tsuntsaye da ambaliya, shi kuma yana tsugune yana saurare har mutumin ya gaji don kansa. Bayan ya ɗauko iyalinsa ya kama gida a Gwadangaji, matarsa Hajara takan ce da ni cikin raha, mijinta na jin numfashin mai molo a kaset amma ba ya jin kiran cefane. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ɗauki jaka ya tafi kasuwa.

Ciwon nasa bai daɗe ba. Da ya yi nauyi ya ce a mai da shi gida Argungu. Na je duba shi da rana, na tarar ya rame amma idonsa na nan da haskensa. Na fito da sabon kaset na ce bari in sa masa a kunne. Ya girgiza kai, ya nuna ƙofa da yatsa. A tsakar gida 'ya'yansa na wasa, ƙaramar tana ƙoƙarin rera wata waƙar makaranta tana ɓatawa, yayyenta na gyara mata. Ya ce, "Bar shi, Garba. Yau ina da abin ji." Muka zauna shiru muna saurarensu har aka kira sallar La'asar. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ya Allah, ga bawanka Sa'idu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka saka masa da alheri bisa biyayyar da ya yi wa mahaifinsa da farin cikin da ya sanya a zukatan mutane. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi, ka jiyar da shi sallamar mala'ikunka. Ka ba Hajara da Umaru da sauran dangi haƙurin rashinsa, ka raya 'ya'yan da ya bari, ka shirye su, ka zama gatansu. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.